Karen da Na Ɓoye a Kwarin Web

Jawabin Adde Shamsiya Jarso, matar marigayi Obbo Bariso Ganamo, a taron makiyayan kwarin Web.

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san abin da ke cikin rami, ya kuma san abin da ke cikin ƙirji. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Shugaban wannan zama, Abba Gada, uban ƙasa. Dattawanmu masu riƙe da ɗanyar ciyawa. Limamanmu da malamanmu. Shugaban ƙauye da mataimakansa. Dakta Lensa, wadda kika baro birni kika hawo mana wannan sanyi. Abokan aikin mijina, masu tsaron jan kyarkeci, waɗanda na san dawakinku ɗaya bayan ɗaya. Iyayena mata, yayyena da ƙannena. Obbo Tufa Dube da Adde Gishu, da kuke zaune can gefe inda ba wanda ya zauna kusa da ku. Jama'a manya da ƙanana, ina yi muku sallama irin ta Musulunci. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zan fara da godiya, don tana wuyana. Na gode wa waɗanda suka wanke mijina, da waɗanda suka ɗauke shi, da waɗanda suka tsaya a kan kabarinsa ruwa yana dukansu. Na gode wa matan da suka yi ta kawo mini itace da sha'ir da man shanu har na fita takaba, wata huɗu da kwana goma ban hura wuta da itacena ba. Na gode wa abokan aikinsa da wannan bargo da wannan takarda mai hotonsa da kuka miƙo mini ɗazu. Kun ce shekara goma sha shida ya yi a kan doki yana bin kyarketai bai taɓa kawo muku labarin ƙarya ba. Gaskiya kuka faɗa. Ku kuna kiransa Obbo Bariso; ni bakina bai saba da sunan ba, Abban Dureti nake ce masa, kuma haka zan ci gaba da kiransa.

An ce in yi godiya in zauna. Ina roƙon dattawa su ƙara mini lokaci. Karatuna aji huɗu ne, ban iya tsara magana ba, amma ga sandar da uwata ta ba ni ranar aurena a hannuna, kun kuwa san in mace ta ɗaga ta ba a katse mata magana.

Abu biyu ya tara mu yau. Na ɗaya, a karrama mijina, an yi. Na biyu, a yanke wa Obbo Tufa hukunci, a hana shi da 'ya'yansa hawa kwarin nan na saman duwatsu da shanu har abada, saboda an ce ya ɓoye karen da ya haihu da kyarkecin dutsen Tullu Dima. Kafin ku yanke, ku ji daga bakina. Karen da ake nema fiye da shekara, ba na Obbo Tufa ba ne. Nawa ne. Bure ne, mai dabbare-dabbaren nan da kuka sani, wanda kowa ya ɗauka yana can gangare. Ni na dawo da shi, ni na ɓoye shi, ni na yi shiru.

Ina jin gunaguninku. Ku yi haƙuri in gaya muku yadda aka yi, daki-daki, don kada in rage wa kaina komai.

Abu na farko, yadda karen ya hau kwari.

Kun tuna shekarar haukan kare, da ciwon ya tsallaka daga karnukanmu ya shiga cikin kyarketai. Abban Dureti yakan dawo gida ya zauna bai cire takalmi ba, ya ce, "Garken Tullu Dima su goma sha ɗaya ne, yau saura huɗu, mace ɗaya tak." Bayan nan ne kuka zauna a wannan fili kuka sa doka: kowane kare a yi masa allura, namiji kuma in zai hau kwari da damina sai an fiɗiye shi. Na ji dokar da kunnena, na kuma ji dalilinta. An ce kyarketan nan babu irinsu ko'ina a duniya sai a duwatsun ƙasarmu, kuma sun yi kaɗan, har in kare ya shiga jininsu, wata rana za a wayi gari da jajayen karnuka kawai.

Abban Dureti ya dawo daga taron ya ce mini, "Uwar Dureti, ranar Talata za a yi wa Bure aiki."

Na ce, "Wane aiki?"

Ya ce, "Irin wanda aka yi wa bijimin Hajji Kadir ya zama mutumin kirki."

Na ce, "Ya zama mutumin kirki, amma tun ranar ko akuya ta harare shi sai ya ba ta hanya. Fiɗiyayyen kare ba ya tsaya wa kura."

Ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Na ce, "Uwata."

Ya yi dariya har ya ƙware da gahawa. Ya ce, "Ita uwar taki, ta taɓa tambayar kurar?"

Na yi fushi, na kwana biyu ina ba shi tuwo ba man shanu. Shi kuwa mutum ne da ba ya son ganin fuskata a ɗaure. Ya ce to, ba za a taɓa shi ba, amma ba zai zauna ba. A kai shi wurin ƙanena Aman, tafiyar yini biyu a gangare. Ranar kasuwa ya ja shi da igiya ta tsakiyar garin Dinsho, kowa yana gani, don ya ce wanda ke hana mutane abu shi ya kamata a fara gani ya bari.

Da damina ta sauka aka shuka sha'ir, muka hau kwari da shanu kamar kullum. Shi mijina aka tura shi saman tudun Sanetti, sai ƙarshen wata yake lekowa. 'Yarmu Dureti tana ɗakin mijinta. Ni kaɗai a bukka da shanu goma sha tara. A mako na uku kura ta ɗauke ɗan maraƙin saniyar da aka ba ni ranar aure, na tarar da kofato biyu da igiya. A ranar na aika wa Aman da saƙo ta bakin mai sayar da zuma. Ya kawo mini Bure ta bayan dutse, inda ba bukkar kowa. Kada ku kama Aman. Maganar yayarsa ya bi, kuma na ce masa mijina ya sani.

Na ji tsoro, gaskiya ne. Amma ban kawo muku tsoro don ya wanke ni ba. Matan da ke zaune a nan, wace ce ba ta taɓa zama ita kaɗai a bukka ba? Da yawanku da fiɗiyayyun karnuka kuka yi wannan damina, kuma sun kori kura sarai. Maganar uwata ba ta zama gaskiya ba, Allah ya ji ƙanta.

Sau uku Abban Dureti ya zo mini a wannan damina. Na san ranakunsa. Sau uku na kai Bure kogon da ke bayan rafi na ɗaure shi da ƙashi a gabansa, na dawo na wanke hannu na soya wa mijina gahawa.

Abu na biyu, abin da idona ya gani.

Da farko ina ɗaure shi. Sai ya yi ta kuka, ni kuma na raine shi tun yana cika tafin hannu, ban iya jin kukansa ba. Na kwance shi. Wata safiya ina tatsa, raɓa ta daskare a kan ciyawa, na ɗaga kai na hango macen kyarkecin nan a gangaren Tullu Dima. Ban taɓa ganinta kusa ba, amma na san ta, don mijina ya sha ba ni labarinta kamar maƙwabciya: Mai Tabo yake ce mata, saboda wani tabo a kafaɗarta. Ga ta ja kamar garwashi, ga Bure a gefenta, suna gudu kafaɗa da kafaɗa. Na kira shi, ko waiwaye. Kwana uku bai dawo ba.

Jama'a, ni makiyayiya ce, 'yar makiyaya. Ba sai an gaya mini abin da na gani ba. Na ce wa raina ai kare daban kyarkeci daban, ba za ta ɗauka ba, alhali na ji mijina ya faɗa ba sau ɗaya ba cewa tana ɗauka. Da ruwa ya ɗauke na mayar wa Aman da karen ta hanyar da ya zo, na ce shi ke nan, ƙasa ta rufe.

Abu na uku, abin da gwaji ya faɗa, da rantsuwa.

Cikin sanyi Abban Dureti ya dawo gida wata rana fuskarsa kamar an yi masa jika. Ya ce, "Mai Tabo ta sauka, guda uku, na ga kawunansu a bakin rami." Tuwo ya huce a gabansa yana ta ba ni labari. Bayan mako biyar ya sake dawowa, ranar kuwa babu fara'a a fuskarsa. Ya ce, "Wutsiyarsu a naɗe take, Uwar Dureti. Bakinsu gajere ne. Ɗaya ma yana da farin hannu." Ya fito da 'yan kwalabe daga jaka, da kashinsu a ciki, ya jera su a kan tabarma yana rubuta musu lamba. Ni na riƙe masa jakar.

Sai Dakta Lensa ta zo ta bi gida-gida, ana riƙe mata karnuka tana goga musu auduga a baki. Ta tara mu a gindin itacen makaranta ta yi mana bayani, kuma ko ni na gane. Ta ce kowane mai rai yana ɗauke da shaidar gidansu a jikinsa, kamar tsagar da muke yi wa shanu a kunne, sai dai wannan ba wuƙa ta yi ta ba, kuma ba a kunne kaɗai take ba: tana cikin gashi, tana cikin yawu, tana cikin kashi. Rabi daga uwa, rabi daga uba. Akwai kuma wata 'yar shaida da uwa kaɗai ke bayarwa, da ita ake gane ko wace ce ta haifa. Hajji Kadir ya ɗaga sandarsa ya ce, "'Yata, wato shi kashi ma yana da dangi?" Ta ce, "Yana da su, Baba, kuma shi ba ya musun nasa." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na tashi na ce ana jirana a gida.

Bayan watanni ta dawo da amsa. Uwar 'yan kwikwiyon kyarkeci ce, ubansu kare ne. A cikin karnuka sittin da uku da aka goga wa auduga babu uban. Amma gwajin ya faɗi wani abu kuma: uban ɗan Dalacha ne, tsohuwar macen karen Obbo Tufa. Nan take kuka hau lissafi da yatsu. 'Ya'yan Dalacha maza bakwai ne a kwarin nan. Biyar suna cikin takarda, ɗaya doki ya harbe shi ya mutu, ɗaya kuma Bure. Dakta ta ce, "Shi wannan Buren fa?" Abban Dureti ya miƙe ya ce, "Da hannuna na kai shi gangare tun kafin ruwan farko." Ba wanda ya ƙara tambaya, don ba a tambaya a bayan maganarsa. A bayan gaskiyar mijina na ɓuya, kamar yadda kyarkeci ke ɓuya a bayan saniya in yana farautar ɓera. Sai aka ce to, ashe akwai na takwas, kuma Obbo Tufa ne ya ɓoye shi.

Dattawa kuka ce a yi rantsuwa. Kowane magidanci ya riƙe ɗanyar ciyawa ya ce, a waccan damina babu kare namiji da ba a fiɗiye ba da ya kwana ko ya ci a bukkarsa. Mijina ne ya fara. Ina tsaye cikin mata, tazararmu ba ta kai taku ashirin ba, ina kallonsa ya ɗaga ciyawa ya ambaci sunan Allah a kan abin da ni na san ba haka yake ba. Harshena yana bakina. Ban motsa shi ba.

Da aka zo kan Obbo Tufa, ya ƙi karɓar ciyawar. Ya ce, "Akwai wani kare da yakan zo bukkata da safe, Gishu ta watsa masa kanzo. Ba nawa ba ne, amma ya ci. Ba zan rantse ba."

Aka ce, "Na wane ne?"

Ya ce, "Kare ba ya yawo da takardar shaida."

Aka ce, "To, yaya kamanninsa?"

Ya ce, "Ƙafa huɗu da wutsiya."

Wasu suka yi dariya, wasu suka ce rainin hankali ne. Ni kuwa na san abin da ya sani. Shi ne da hannunsa ya ɗago Bure daga ƙarƙashin Dalacha ya sa mini shi a kwando, ya ce, "Uwar Dureti, ga mai gadi, ba ya karɓar albashi." Ko cikin karnuka ɗari zai gane shi. Ranar rantsuwar ya dube ni sau ɗaya, sannan ya mayar da idonsa kan takalminsa. Abokinsa ya riga ya rantse. In ya buɗe baki, ya mai da Abban Dureti mai rantsuwar ƙarya a gaban jama'a, ni kuma ya kwance mini zane a kasuwa. Sai ya rufe bakinsa, ya ɗauki kayan da ba nasa ba.

Kun san abin da ya biyo baya, don tare muka yi shi. Aka ce shanunsa su sauka daga kwari har a gama bincike. Suka yi damina a gefen gonaki suna lasar ƙasa, biyu suka faɗi ba su tashi ba. Aka sa masa suna Uban Karnuka, har a kasuwa ana kiransa da shi. Adde Gishu takan soya gahawa ƙamshi ya cika unguwa, ba mai leƙawa. 'Yan kwikwiyon nan uku aka kama su aka yi musu aiki don kada su haihu, haihuwar shekara guda ta garken da ya rage wa mace ɗaya ta tafi a banza. Ni kuwa ina nan, matar mai gaskiya, ana gaishe ni da hannu biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma da na shiga takaba, wa kuke tsammani ya fi kowa kawo mini itace? Adde Gishu. Takan sauke dami ta ce, "Uwar Dureti, yaya sanyi?" In ce da sauƙi. Ta ce, "Ki ci abinci, ba a yin kuka da yunwa." Ba ta taɓa ce mini komai ba, ko da ido. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abu na huɗu shi ne wanda ya fi mini nauyi, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Dureti da ke zaune can tana kallona.

Da muka dawo daga rantsuwa, ina zuba wa mijina gahawa, sai ya ce, "Aman yana lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau."

Ya ce, "Bure fa, yana nan wurinsa?"

Na ce, "Yana nan." Wannan kam gaskiya ce, a lokacin yana can.

Ya juya finjalin a hannunsa. Ya ce, "Bai taɓa tsinke igiya ya biyo hanya ba? Kin san kare yakan yi kewar gida. In ya taɓa, ba laifin kowa ba ne."

Iyayena, ku dubi ƙofar da ya buɗe mini. Ya buɗe ta da faɗi, ya ma share mini bakinta. Ko rabin gaskiya na faɗa da ya karɓa, da ya tashi ya je wurin dattawa ya warware rantsuwarsa, da Obbo Tufa ya fita tun ranar. Amma na tuna yadda ya ɗaga ciyawar nan, na tuna yadda ake kallonsa, na ji ba zan iya ganin fuskarsa ba in ya san ni ce. Na ce, "Bai taɓa ba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya sha finjali uku kamar kullum.

Washegari ya ɗaura wa doki sirdi. Ya ce, "Tufa ba maƙaryaci ba ne. Karen nan yana wani wuri, in na samo shi, Tufa ya fita." Kwana arba'in yana hawa yana sauka cikin ruwa da ƙanƙara, yana leƙa kogo, yana bin sawu, yana tsintar kashin karnuka a kwalba, yana neman karen da ni na san inda yake ɗaure. Kullum ni ke shanya masa bargo a bakin wuta, kullum ni ke ɗaura masa guzurin soyayyen sha'ir. Har sanyi ya shiga ƙirjinsa. Kwana tara ya yi a kwance. Kowace safiya nakan ce yau zan faɗa, sai in ga yadda yake jan numfashi in ce bari ya ɗan samu sauƙi. A rana ta takwas ya kama hannuna ya ce, "Ki kula da shanu. Ki riƙa gaishe da Tufa." Daga nan bai ƙara wata magana da na gane ba.

Ko ya sani? Ban sani ba, kuma ba zan sani ba sai ranar da za mu tsaya. In bai sani ba, na bar shi ya tafi da rantsuwar da ba ta tsaya ba. In ya sani, to ya hau dutsen nan ne yana jiran matarsa ta kira shi ta ce ya dawo, ban kira ba. Liman ya ce mini ajali na Allah ne, ba ya gaba ba ya baya, na kuwa yarda. Amma ruwan da ya dake shi, ni na bar shi ya shiga cikinsa.

Saboda rasuwarsa kuka ɗage hukunci har in fita takaba. Da aka aiko mini cewa an sa rana, kuma a rana ɗaya za a yafa mini bargo a kori Obbo Tufa, na zauna na duba, na ga in na bari aka yi haka, babu sauran abin da zan ce wa Allah. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma abin da ke cikin nawa ba sirri ba ne, haƙƙin mutane ne.

Saura abu na biyar, roƙona, kuma ba shi da yawa.

Ina roƙon dattawa ku ɗauke wannan hukunci daga kan Obbo Tufa yau, kafin a tashi, a kuma faɗa da babbar murya kamar yadda aka faɗi zargin. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Abin da kuka shirya masa ku ɗora mini: shanuna su zauna a ƙasa iyakar abin da kuka ga dama. Shanu biyu da ya rasa, ya shiga garkena ya zaɓa da kansa. Bukkata ta kwari, da sabon rufin da mijina ya yi mata, tasa ce.

Ina roƙon malamai ku duba mini maganar rantsuwar nan. Shi ya furta, amma bai san abin da na ɓoye masa ba. In da kaffara, ku gaya mini in yi. In azumi ne in yi, in ciyarwa ce in yi. Abokan aikinsa kuma, kada ku goge sunansa daga takardunku. Duk abin da ya rubuta muku, abin da ya gani ne. Abu ɗaya ne bai gani ba, shi ma don a gidansa yake, inda bai taɓa tunanin dubawa ba.

Ina roƙon kada a kashe Bure. Kare ne, abin da kare ke yi ya yi. A yi masa aikin da na hana a yi tun farko.

Ina kuma da magana ɗaya, ba don in wanke kaina ba, sai don gobe. In za a sake rantsuwa a kan kare, ku miƙa wa mata ciyawar. Maza suna kan doki, suna kasuwa, suna taro. Mu ne a bukka, mu ke watsa kanzo, mu muka san wane kare ya ci, wane ya kwana, wane ya ɓace kwana uku. Ban ce da an ba ni ciyawar da na faɗi gaskiya ba. Ban san kaina har haka ba. Amma da ita a hannuna, da sunan Allah a bakina, da shirun ya fi haka wuya. 'Yan'uwana mata, wadda take da nata Buren a wani kogo, ga ni nan, ta dube ni da kyau.

Obbo Tufa, Adde Gishu. Ba zan ce ku yafe mini a nan ba. Na san halinku, in na roƙa a gaban jama'a za ku ce kun yafe ko zuciyarku ba ta kai ba, in sake ɗora muku wani kayan. Ku riƙe fushinku muddin kuna so, haƙƙinku ne. Abin da nake so kawai jama'a su sani shi ne, ranar rantsuwar nan mutum ɗaya ya ƙi rantsewa, kuma shi ne ya fi kowa tsoron Allah a filin.

Dureti, 'yata, ɗago kanki. Ubanki yana nan yadda kika san shi. Uwarki ce kika ƙara sani yau.

Allah ya ji ƙan Abban Dureti, ya yalwata kabarinsa, ya sa kwana arba'in ɗin nan a mizaninsa. Allah ya saka wa Obbo Tufa da iyalinsa, ya mayar musu da abin da suka rasa ninki. Allah ya ba dattawanmu ikon yin adalci, ko a kan wa ya faɗa. Allah ya raya Mai Tabo ta sake haihuwa, irin nata na asali, ya cika Tullu Dima da su kamar da. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare shanunmu da 'ya'yanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni kuma ku sa ni a addu'a, in kun iya.

Dakta Lensa, kada ki ɗauki maganata. Wadda ta yi shiru fiye da shekara ba a gina hukunci a kan bakinta kaɗai. Auduga ta fi ni shaida. Na sauka wurin Aman, shekaranjiya na taso daga can da Bure. Yana bayan makaranta, ɗaure a jikin shinge. Ba ya cizo in ni ce ke riƙe da shi, don haka ki ɗauko kayanki, zan buɗe miki bakinsa.

Wassalamu alaikum. Na gode.